`mw` ko `mem write`? Zaɓen sunayen umarni a butloda ga masu haɗa na'ura a Yamai

Butloda ita ce ƴar manhajar da ke fara farkawa idan an kunna na'ura: ta shirya RAM, ta nemo babbar manhaja a ma'adanar filash, ta miƙa mata ragama. Idan komai lafiya, ba mai ganinta. Ranar da na'ura ta ƙi tashi ake nemanta, a jona kebul ɗin siriyal, a tsayar da ita kafin ta wuce, a fara buga umarni. Mai bugawar yakan kasance cikin gaggawa, nesa da wanda ya rubuta manhajar, kuma layi ɗaya da ya kauce ya isa ya sa a kwance allon lantarkin na'urar daga inda yake a sako shi a mota.

Akwai salo iri-iri na ba waɗannan umarnin suna, kuma zan auna kowane salo da misali guda. Akwatin kula da famfon sola ne, an haɗa shi a wani shago a Yamai, an kafa shi a garkar albasa a yankin Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500 ta Doso, Dogon Dutsi da Kwanni. Mai gyaran da ke can ya san lantarki ciki da bai, da Faransanci ya yi karatunsa, kibod ɗin kwamfutarsa AZERTY ne, wato mai tsarin Faransanci, kuma umarnin ta waya za a faɗa masa ko a saƙon murya na WhatsApp. Sunan da ya tsallake wannan tafiyar bai gurɓata ba, shi nake nema.

Gajerun sunaye, gadon U-Boot

Kusan duk wanda ya taɓa allo mai Linux daga butlodar U-Boot ya koyi wannan salon. Asalinta aikin Magnus Damm ne na 1999, Wolfgang Denk na Jamus ya ɗora a kai da sunan PPCBoot a 2000, aka koma kiranta U-Boot a 2002 da ta wuce masarrafan PowerPC ta shiga ARM da sauransu. A cikinta `md` na nuna abin da ke ma'adana, `mw` na rubutawa, `mm` na canza ƙima yana matsawa adireshi bayan adireshi, `nm` na canzawa yana tsaye a adireshi ɗaya. Ga injiniyan da ke tayar da sabon allo, wanda yini yake yi yana leƙa rajistocin masarrafi, wato ƴan gurabun da ke riƙe saitunansa, wannan daɗi ne zalla. Yatsu sun haddace, littattafai da bayanan masu ƙera masarrafai duk da sunayen suke magana, kuma ɗalibin da ya fito daga makarantar injiniyoyi ta EMIG ko Jami'ar Abdou Moumouni ya taɓa Linux a kan allo ba sai an sake koya masa ba.

Matsalar tana bayyana idan sunan ya bar yatsu ya koma baki. "Maigida, em-em ka ce ko en-em?" Layin waya na yankewa, iska na kaɗawa a garka, ga harafi ɗaya tak tsakanin umarnin biyu. Tsakanin `md` da `mw` ma harafi ɗaya ne, alhali na farko kallo kawai yake yi, na biyu kuwa yana iya taka rajistar da ke riƙe da agogon masarrafi. A nan ƙasar akwai ƙarin tarko da masu U-Boot ba su san da shi ba. Wanda ya yi karatu a Sakkwato ko Kano yana kiran G "ji", J kuma "je". Wanda ya yi a Yamai ko Tawa akasin haka yake kiransu. E ta Ingilishi a kunnen mai Faransanci I ce. Shagon da ke da ma'aikata daga ɓangarorin biyu, kuma suna da yawa, duk sunan da sai an karanta shi harafi-harafi zai jawo masa gardama a waya.

Sai kuma abin da ke faruwa idan dangin suna suka yi yawa. Dubi waɗanda suka fara da `boot`. A `bootm` harafin ƙarshe na nufin ma'adana, wato inda manhajar take. A `bootz`, da ya shigo a 2012, nau'in fayil yake nufi, zImage. A `booti`, na 2014, fayil ɗin Image ne na ARM mai bit 64. A `bootp` hanyar sadarwa ce, BOOTP. A `bootd` kuwa umarnin da aka ajiye tun farko yake gudanarwa. Harafi ɗaya, amma kowane lokaci wata tambaya dabam yake amsawa, don haka sanin uku ba ya taimaka maka ka hasashi na huɗu. Haka dangin `load`: `loads` da `loadb` nau'in fayil suke faɗa, `loadx` da `loady` kuwa hanyar turowa, XMODEM da YMODEM. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan da gangan. Shekaru ne suka tara shi, kowa ya zo da buƙatarsa ya ɗauki harafin da bai da mai shi.

Hujjar da aka fi kare gajerun sunaye da ita ita ce ƙarancin wuri. A yi lissafin. Umarni 20, kowane suna ya tashi daga haruffa 3 zuwa 12, ƙarin bayit 180 ke nan. A kan ƙaramin masarrafi STM32F103C8 mai filash kilobayit 64, ko da kilobayit 8 kacal aka ware wa butloda, wannan bai kai kashi 3 cikin 100 na rabonta ba. Abin da ke cin wuri shi ne rubutun bayani na `help`: layi ɗaya mai haruffa 60 ga kowane umarni ya riga ya kai bayit 1,200, shi ya sa U-Boot ke da zaɓin cire dogon bayani lokacin harhaɗawa. To idan za a cire bayanin, sunan ne kaɗai zai rage ya yi magana, kuma a nan ne gajeren suna ya fi cutarwa. Ta fuskar lokaci ma babu komai: a gudun 115200 layin siriyal na ɗaukar haruffa 11,520 a daƙiƙa, ƙarin haruffa goma bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba.

Akwai wani abu da ke rataye a jikin waɗannan sunayen da ya kamata mai kwaikwayon U-Boot ya sani kafin ya kwaikwaya. `cp` na ƙidaya ne da girman da aka liƙa masa a wutsiya: `.b` bayit ɗaya, `.w` biyu, `.l` huɗu, kuma idan ba a sa komai ba huɗu yake ɗauka. Wanda ya ba shi girman fayil a bayit ya manta `.b` zai kwafi ninki huɗu na abin da ya nufa, ya hau kan abin da ke maƙwabtaka. Ga shi kuma lambobi a U-Boot galibi heksa, wato ƙidaya mai tushe 16, ake karanta su ko ba a sa `0x` ba, wanda ya buga 100 ya nemi 256.

Manne kalmomi biyu wuri ɗaya

Salo na biyu shi ne `printenv`, `setenv`, `saveenv`, `fatload`, `ext4load`, `fatls`. Sun fi faɗuwa a baki, kuma mutum na iya hasashen aikinsu. Aibinsu biyu. Ba su da tsari ɗaya: a `saveenv` aikatau ne gaba, a `fatload` shi ne baya. Kuma suna hayayyafa, kowane sabon tsarin fayil sai ya zo da nasa `load` da nasa `ls`, sannan jerin umarnin da aka rubuta don katin FAT ya daina aiki ranar da aka koma ext4. U-Boot da kanta ta ga haka, ta kawo `load` da `ls` na bai-ɗaya masu gane tsarin fayil da kansu, ta kuma tara harkar saituna ƙarƙashin `env`: `env print`, `env set`, `env save`. Tsofaffin sunayen suna nan har yau, don ba a isa a cire su ba. Ga sabon aiki ban ga dalilin fara da wannan salon ba.

Abu tukuna, sannan aiki

Na uku shi ne kalma biyu a rabe, ta farko na faɗin abin da za a taɓa, ta biyu na faɗin me za a yi masa: `sf erase`, `mmc rescan`, `nand write`, `env save`. RedBoot, wata butlodar, ma haka ta yi da `fis list`, `fis create`, `fis load`, kuma da U-Boot ta kawo sabon tsarin tayar da na'ura a 2022, da `bootflow scan` da `bootdev list` ta zo, ba ta ƙara wani harafi a wutsiyar `boot` ba.

Wannan ne zaɓina ga akwatin famfo, kuma dalilan na aiki ne. Mai gyara na buƙatar haddace kalmomi kaɗan, sunayen abubuwa huɗu ko biyar da aikatau biyar ko shida, sauran haɗawa ce. Idan ya san `image list` da `config show`, da wuya ya ruɗe a `log show`. Jerin `help` na fitowa a jere bisa haruffa, don haka duk abin da ya shafi filash na zama wuri ɗaya maimakon `erase` a sama, `write` a can ƙasa. A waya kuma kalma ake faɗa, ba harafi ba. Ko lafazin ya karkata zuwa Faransanci, "config" da "image" ba sa shiga juna. Idan ya buga `flash` kaɗai ya tsaya, butloda na iya jero masa ayyukan da ke ƙarƙashinsa, ya zaɓa da idonsa, abin da `mw` ba zai taɓa iya yi masa ba.

Sai dai sharaɗi ne kalmar farko ta zama kalma. `sf` na U-Boot, wato filash mai hanyar SPI, ya koma cikin matsalar gajarta. Kuma aikatau ɗaya ya riƙe ma'ana ɗaya ko'ina: kada `show` a nan ya zama `print` a can, `info` a gaba, `dump` a ƙarshe. Wannan shi ne wurin da ƙungiya mai mutum uku ke fara rarrabuwa, kowa da kalmar da ya saba. A rubuta jerin aikatau a takarda ɗaya kafin a rubuta layin farko na manhaja.

Akwai masu juya tsarin, aiki gaba, abu baya. Fastboot, manhajar kwamfuta da ake rubuta wa wayar Android manhaja da ita, haka yake: `flash boot`, `erase userdata`, `getvar all`. Yana kama da jimlar magana, kuma masu gyaran waya na Babbar Kasuwar Yamai sun saba da shi, wannan ba ƙaramar riba ba ce idan daga cikinsu za ka ɗauki ma'aikata. Amma a can ma an ga abin da ke faruwa idan kalma ɗaya ta zama aiki kuma ta zama abu: `fastboot boot` da sunan fayil na tayar da waya da fayil ɗin sau ɗaya ba tare da rubuta komai ba, `fastboot flash boot` da fayil ɗin kuwa na maye gurbin abin da ke ɓangaren `boot` ɗungurungum. Idan ayyukanka ba su wuce shida ba kuma abin taɓawa iri ɗaya ne, aiki-gaba ya wadatar. Da zarar akwai filash, saituna, agogo, modem da rajistar kurakurai, abu-gaba ya fi riƙe tsari.

Barebox, wadda Sascha Hauer na Pengutronix ya faro a 2007 a matsayin U-Boot ta biyu, ta karɓi sunanta na yanzu a 2009, ta bi wata hanya: ta mayar da komai fayil. Ɓangarorin filash na bayyana ƙarƙashin `/dev` da sunayensu, saituna na `/env`, sai a yi aiki da `ls`, `cat`, `cp`, `mount` kamar a Linux. Ribar babba ce: maimakon adireshin heksa mai lamba takwas, sunan ɓangare ake bugawa, kuma ba a iya zarce iyakarsa. Ga allo mai Linux da ƙungiyar da ta saba buga umarnin Linux, na fi son ta a kan gadon `md` da `mw`. Ga ƙaramin masarrafi mai kilobayit 64 ba ta shiga. Darasin da za a iya ɗauka kyauta shi ne na ba ɓangarori suna: `flash erase app` ya fi `flash erase 8002000 e000` aminci nesa ba kusa ba, kuma ƙaramin tebur ne kawai a manhaja.

Sai zaɓin da ba suna sam. Optiboot na Arduino bayit 512 ce gaba ɗayanta, ba wurin rubutu. Butlodar da kamfanin ST ke sakawa a masarrafan STM32 tun daga masana'anta lambobi take ji: 0x11 karantawa, 0x31 rubutawa, 0x21 tsallakawa zuwa manhaja, 0x43 ko 0x44 gogewa, kowace lamba a biyo ta da kishiyarta don kama kuskuren layi, ita kuma ta amsa da 0x79 idan ta yarda. A nan sunaye sun koma manhajar kwamfuta da ke magana da allon, kuma wannan na da fa'ida ɗaya da sauran ba su da ita: manhajar kwamfuta ana sabunta ta a kowane lokaci, a fassara ta, a gyara sunan da bai yi ba. Kuɗin da ake biya shi ne mai gyara a Tawa ba zai iya komai da manhajar buga umarni ta siriyal irin PuTTY ko minicom kaɗai ba. Ranar da kwamfutarsa ba ta da manhajarka, ko sigar da ke hannunsa ta tsufa, aiki ya tsaya.

Sunan da ke ɓoye abin da yake yi

Duk salon da aka zaɓa, wannan ne wurin da ya fi cancanta a ɓata lokaci. Suna na iya zama dogo, kalma biyu, mai daɗin faɗa, ya kuma yi ƙarya.

A cikin waɗancan lambobin na STM32 akwai 0x92, mai sunan Readout Unprotect, wato cire kariyar karantawa. Abin da sunan bai faɗa ba shi ne kafin ya cire kariyar sai ya goge filash ɗin baki ɗaya. Dalilin mai kyau ne, don kada a saci manhaja, amma wanda ya danna da niyyar ya kwafi abin da ke ciki zai tarar babu komai. `fastboot flashing unlock`, da ya maye gurbin `oem unlock` a wayoyin Google tun 2015, shi ma share bayanan mai waya yake yi, sai dai shi yana tambaya a fuskar wayar tukuna. Masu gyaran Tecno da Itel masu masarrafin MediaTek sun san na SP Flash Tool: maɓallin Download a can rubutawa yake yi cikin waya, ba ɗaukowa daga cikinta ba, kuma zaɓin Format All + Download na tafiya da ɓangaren da lambar IMEI ke ciki, waya ta tashi amma ta kasa riƙe layi. Irin wannan suna maganin ƙwari ne da aka ɗura a gorar ruwan sha aka ajiye a bakin rijiya.

U-Boot na da nata. `dhcp` ba adireshin IP kaɗai yake nema ba, yana kuma ƙoƙarin sauko da fayil ta hanyar sadarwar TFTP sai in an sa `autoload` ya zama `no`. `tftpboot` kuwa, duk da `boot` da ke jikinsa, sauko da fayil kawai yake yi ya tsaya, sai in an kunna `autostart`. `setenv` da suna ba ƙima share saitin yake yi, ba nuna shi ba, kuma mutum kan buga haka da tunanin zai ga abin da ke ciki. `sf write` ba ya gogewa kafin ya rubuta. Tun da rubutu a filash 1 kawai yake iya mayarwa 0, gogewa ce ke dawo da 1, rubutu a kan tsohon abu na haifar da gaurayen da ba tsoho ba sabo. `sf update` ne ke yin duka biyun, kuma ba abin da ke cikin sunayen da zai gaya maka haka. `nand scrub` ya fi kowanne: kalmar kamar tsabtacewa, aikin kuwa share alamun da masana'anta ta sa a kan ɓatattun sassan filash nau'in NAND, alamun da ba sa dawowa. Aƙalla shi yana gargaɗi yana jiran a amsa.

`reset` na buƙatar kulawa ta musamman a wurinmu. A U-Boot sake kunna masarrafi ne kawai. A bakin mai gyaran waya kuwa, "a yi mata risat" na nufin a share komai a mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Ka sa `reset` a akwatin famfo, wani zai ji tsoron bugawa alhali ba komai, wani kuma zai buga yana jiran saituna su koma na asali su ƙi. Na fi son a raba su da sunaye da ba sa kama da juna: `reboot` ga na farko, `config erase` ga na biyu.

Misalin da ya yi daidai shi ne na butlodar MCUboot da manhajar kwamfuta mcumgr da ke magana da na'urar: `image upload`, `image test`, `image confirm`. Na biyu na sa sabuwar manhaja ta tashi sau ɗaya. Idan ba a tabbatar da ita da na uku ba, kunnawa ta gaba tsohuwar ce za ta dawo. Sunayen uku sun ba da labarin matakan da kansu, kuma ga wurin da ake iya ɗauke wuta ko batir ya faɗi ana tsakiyar aiki, tsarin ya dace ƙwarai. Ƙa'idar da nake bi ke nan: duk umarnin da ke lalata wani abu, kalmar `erase` ta fito a sunansa ƙarara, kuma babu umarnin da ba ta cikin sunansa da zai goge komai a ɓoye.

Abubuwa biyu na U-Boot da zan ce kada a kwaikwaya a na'urar da za ta bar shago. Na farko taƙaitawa: tana karɓar farkon suna muddin umarni ɗaya ne kawai ya fara da haka. Shi ya sa duniya ta saba buga `tftp` maimakon `tftpboot`, har aka rubuta shi a cikin jerin umarnin da ke gudana da kansu. A allon da aka kunna `tftpput`, `tftp` ya zama farkon umarni biyu, butloda ta ce ba ta san shi ba. Wato ƙara sabon umarni ya karya tsohon da ba a taɓa ba. Idan ana son sauƙin bugawa, cike suna da maɓallin Tab ya fi, don cikakken sunan na bayyana a fuska kafin a danna Enter. Na biyu maimaitawa: danna Enter a layi wayam na sake gudanar da umarnin baya idan an yi masa alamar maimaituwa a `U_BOOT_CMD`. Ga `md` abin so ne, yana ci gaba daga inda ya tsaya. Amma mutumin da fuskar kwamfutarsa ta yi shiru, abu na farko da yake yi shi ne ya daddanna Enter ya ga ko allon na raye.

Tambayar harshe takan taso a kowane shago a nan: Ingilishi, Faransanci ko Hausa? Ra'ayina sunayen su zauna da Ingilishi mai sauƙi, kalmomin da mai gyara ya riga ya gani a fastboot da Linux, bayanin `help` da saƙonnin gargaɗi kuma su zo da Faransanci, da Hausa in wuri ya samu. Dalilin na fasaha ne. Masu karɓar layi a yawancin ƙananan butloda ASCII, wato haruffan Ingilishi zalla da lambobi da alamomi, kaɗai suka sani. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haka ma é da ç, bayit biyu-biyu ne a UTF-8. Maɓallin gogewa ya cire ɗaya ya bar ɗaya, sunan ya ƙi daidaita, kuma kibod ɗin AZERTY ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa tun farko. Fitar da rubutu kuwa ya fi karɓarsa sauƙi, don haka gargaɗin "wannan zai goge saitunan famfo duka" na iya fitowa da harshen da mutum ke tunani da shi. AZERTY na kuma da ra'ayi a kan alamomi: lambobi sai da Shift, ɗigo ma sai da Shift, karan tsakiya na kan maɓallin 6, karan ƙasa na kan 8. Sarari tsakanin kalma biyu shi ne abin da ba ya buƙatar bayani a waya, wani dalilin ke nan da `env save` ya fi `env_save` ko `env.save`.

Abin da ke sa duk wannan ya zama na yanzu-yanzu shi ne butloda ce ɓangaren da aka fi jin tsoron sabuntawa, don idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta ta, ba sauran mai tayar da allon. Akwatin da aka kafa bana zai iya shekaru da sunayen da aka sa masa. Ko esptool, manhajar rubuta filash wadda a kwamfuta take ba a allo ba, da ta koma daga `write_flash` zuwa `write-flash` a siga ta 5, sai da ta bar tsohon sunan yana aiki tare da gargaɗi. Idan dole a canza suna, haka za a yi: tsohon ya ci gaba da aiki, ya buga layi ɗaya mai nuna sabon, kuma kada a taɓa ɗaukar tsohon suna a ba wani sabon aiki.

Ga wanda allonsa U-Boot yake ɗauke da ita, shawarar gajera ce: kada ya sake wa nata umarnin suna, duk bayanan duniya da su aka rubuta. Ya tara nasa ƙarƙashin kalma ɗaya, misali `pump status`, `pump update`, ya cire `mw`, `mm`, `nm` da `nand scrub` daga sigar da za ta tafi garka, ya bar su a ta shago. Ga wanda wurinsa bai kai kilobayit biyu ba, lambobi ne, sunayen su koma manhajar kwamfuta. Ga akwatin famfonmu mai butlodar gida, jerin zai yi kama da `info`, `image list`, `image upload`, `image test`, `image confirm`, `config show`, `config set`, `config save`, `config erase`, `log show`, `reboot`, ba taƙaitawa, ba maimaitawa da Enter, lambobi kuma na goma ne sai an sa `0x`. `config erase` kaɗai ke tambaya, kuma maimakon `y`, wanda yatsa ke dannawa kafin ido ya karanta, lambobi huɗu na ƙarshen lambar akwatin yake nema, waɗanda ke rubuce a jikin murfinsa. Kafin a rufe jerin, a kira mai gyaran na Tawa a karanta masa shi a waya yana rubutawa a takarda, ya ɗauki hoton takardar ya turo. Duk sunan da ya fito ba yadda aka faɗa ba, a canza shi a ranar.